Sugan Baba Sheshi

Ranar da aka fara ajiye wa Baba Sheshi kwanon kabeji, ya ɗauka surukarsa Basira share fage ta kawo masa kafin abinci ya iso. Ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya cinye tas, sannan ya gyara zama a kan tabarma yana jiran shinkafa. Yana jin ƙamshinta daga madafi, yana kuma jin jikokinsa huɗu suna rigima a kan ƙanzo. Har aka kira la'asar babu abin da ya biyo bayan kabejin nan.

Da yamma ɗansa Ndatsu ya dawo daga shagonsa na walda, ya durƙusa a gabansa da fuskar mai kawo saƙon rasuwa, ya ce likita ya tabbatar Baba yana da ciwon suga. Baba ya tambaya wane likita, kuma yaushe ya gan shi, tun da shi dai bai taka ƙofar asibiti ba tun zuwansa Minna. Ndatsu ya ce ai zamani ya canja, yanzu ta waya ake komai. Ya faɗa wa likita yadda Baba ke yawan shan ruwa da yawan zagayawa bayi, likita kuwa ko gama saurare bai yi ba ya ce suga ne, mai ƙarfi ma, a hana shi shinkafa daga yau.

Sai daga baya Baba ya ji yadda abin ya faro. Ndatsu ya tsaya sayen maganin ciwon kai a wajen Kambai mai kemis, hira ta kawo maganar tsohon, Kambai ya ce a kai shi a gwada jininsa kada ya zama suga. Cikin maganar nan duka, kalmar ƙarshe kaɗai Ndatsu ya ɗauka ya kawo gida. Ruwan da Baba ke sha kuwa, duk wanda ya yi watan Afrilu a unguwar Kpakungu, a ɗakin kwano da babu wuta, ya san dalilinsa.

Shekara arba'in Baba Sheshi ya yi yana noman shinkafa a fadamar ƙauyensu, can bayan Bida. Duk kaka buhunansa ne ke riƙe da gidan Ndatsu, har ambaliya ta share gonar shekara biyu a jere, ya tattaro 'yan tufafinsa ya dawo wajen ɗansa. Mutum ne mai ci, kuma bai taɓa ɓoye haka ba. Idan ya zauna gaban kwano sai ka rantse aikin gayya yake yi. Yanzu ga shi an ce abin da ya shuka, ya girbe, ya sussuka tsawon rayuwarsa, shi ke neman ransa. Ya ce to, Allah ya saka wa likita da alheri da ya gano da wuri.

Likitan nan mutum ne mai ƙwazo. Bai taɓa barin mako ya wuce bai aiko da sabon umarni ba. Ranar Litinin Basira ta dawo daga Kasuwar Kure tana mitar doya ta yi tsada, ranar Talata likita ya hana doya. Mako na zagayowa wake ya tashi, likita ya gano wake yana da suga a ɓoye. Daga nan manja ya bi, ƙwai ya bi, busasshen kifi ya bi. Tuwon masara aka bari, amma malmala ɗaya, da rana kawai, ita ma wadda Basira ke kwasowa da ƙaramar mara. Mangwaro ne kaɗai likita bai taɓa ba, da yake akwai bishiyarsa a tsakar gidan hayar, yana zubowa kyauta.

Malam Jafaru, maƙwabcinsu kuma ladanin masallacin layin, ya ɗan yi mamakin wannan. Ya ce shi a saninsa masu suga acca da alkama ake ba su, mangwaro kuwa gudunsa suke yi. Ndatsu ya ce ai suga kala-kala ne, na Baba irin wanda ba ya jituwa da acca ne sam. Malam Jafaru ya jinjina kai, ya ce ilimin likitanci ya yi nisa.

Ndatsu ne ya nemi a sanar a masallaci bayan sallar magariba, wai don jama'a su taya su da addu'a, su kuma taya su sa ido. Jama'ar Kpakungu kuwa ba su yi ƙasa a gwiwa ba. Mai ƙosai ta bakin layi, wadda kullum take ƙara masa gyara biyu, ta daina sayar masa, ta ce ba za ta ɗauki alhakin dattijo ba. Mai shayi ya koma ba shi ruwan zafi zalla, ko ganye yana sa masa da tsoro. Idan ya zauna a majalisa aka fito da gyaɗa ko rake, sai a zagaye shi da ladabi, kamar yadda ake zagaye mai sallah.

Ranar sunan jikar Malam Jafaru ce ta fi tsaya masa a rai. An dafa shinkafa da miya, an yanka rago, wata baƙuwa da ba ta san labari ba ta miƙa masa faranti cike, tsoka biyu a kai. Baba ya dubi farantin nan kamar wanda ya haɗu da ɗan'uwa a tasha. Ya ce a ransa loma ɗaya dai ba za ta kai mutum kabari ba. Hannunsa bai kai ga shinkafar ba ya ji an riƙe masa wuyan hannu a hankali. Malam Jafaru ne da kansa, ya baro baƙinsa ya taso. Ya zare farantin, ya sa masa ruwan leda a hannu, ya ce shi ba zai yarda ranar farin cikinsa ta koma ranar jana'iza ba. Sannan ya sa aka juye abincin a leda, aka ba Ndatsu, aka ce rabon Baba ne, a kai wa yara. Baba bai ga ledar ta iso gida ba.

Ita Basira ba ta iya haɗa ido da shi idan ta kawo kwanon. Takan ajiye ta juya da sauri, tana cewa umarnin likita ne, ita ba ta da ta cewa. Idan matan gidan hayar suka ce tsohon nan fa yana ramewa, sai ta ce haka ciwon yake, kuma ramar ma alamar sauƙi ce. Amma wata rana zuciyarta ta kasa ɗauka, ta zuba shinkafa cokali uku a ƙasan kwano, ta rufe da kabeji. Baba ya kai loma ta biyu ya ci karo da ita. Ya kira Basira. Hausarsa ta kasuwa ce, ba ruwanta da mace ko namiji, har yau "kai" yake ce mata.

"Basira, me na yi maka? Kana so ka kashe ni?"

Ta ɗauki kwanon ta koma madafi. Ya ji tana shesshekar kuka, ya ɗauka nadama ce, har ya ɗaga murya ya ce ya yafe mata, kuskure ne, kowa yana yi.

Da damina ta fara sauka kabeji ya yi wuya a kasuwa, sai likita ya canja shawara, ya ce ganyen rama da tafasa da ke fitowa a bayan gidan sun fi kabeji amfani nesa ba kusa ba. A lokacin wandon Baba ya fara zamewa, sai da ya ƙara ƙulli a mazagi. Hularsa ta riƙa sauko masa kan gira. Idan ya miƙe daga tabarma sai ya dafa bango ya jira ɗakin ya daina juyawa. Mutumin da ke ɗaukar buhu daga bakin fadama zuwa kan tudu ya koma hutawa sau biyu tsakanin gida da masallaci. Duk wanda ya gan shi sai ya ce kai, suga ba shi da kyau, shi kuma ya ce wallahi kuwa, da ba don ɗansa ya tsaya a kansa ba da tuni an manta da shi.

Wata safiya yana zaune da 'yar rediyonsa, aka sako shirin kiwon lafiya. Wata ma'aikaciyar jinya ta yi bayanin ciwon suga tiryan-tiryan, a ƙarshe ta ce ana gadonsa, duk wanda mahaifinsa ke da shi ya yi hattara. Ndatsu shi kaɗai ne ɗansa namiji. Baba ya sa hula, ya fita bakin titi, wani mai keke napep da ya san shi ya rage masa hanya zuwa Sauka Kahuta, inda shagon waldar yake.

Shagon a buɗe, babu wuta, babu aiki, janareto a lulluɓe da buhu. Sai ya hango Ndatsu a rumfar Rukayat mai abinci, zaune a kan benci, gabansa farantin shinkafa da wake, kan kifi a gefe, ga lemon kwalba yana naso. Baba bai san inda ƙarfi ya zo masa ba. Ya ƙarasa, ya ɗauke farantin daga gaban ɗansa, ya miƙa wa wani mai faci da ke zaune a gefe, ya haɗa masa da lemon. Sannan ya juya ga Rukayat, a gaban mutum bakwai ko takwas, ya roƙe ta don girman Allah kada ta sake sayar wa yaron nan shinkafa, ko wake, ko doya, ko kifi, domin ciwon gidansu ne, a jini yake. Ya tambaye ta ko tana dafa rama.

Mai facin nan bai tsaya jin ƙarshen magana ba, ya riga ya yi nisa a aiki. Ndatsu ya bi farantin da kallo, cokali har yanzu a hannunsa. Ya yi ƙasa da murya.

"Baba, ni fa ba a gwada ni ba."

"To ni an gwada ni?"

Baba ya faɗi maganar ne don ya kare hujjarsa, ba da wata manufa ba. Sai da ta fita daga bakinsa ya ji ta. Ndatsu ma ya ji ta. Suka tsaya suna kallon juna, Rukayat tana goge tebur ɗaya har sau uku.

Baba ya hau keke ya nufi gida. Yana jera abubuwa a ransa, ranar da doya ta tashi da ranar da aka hana doya, ranar da wake ya tashi da ranar da aka hana wake. Ya yi ta neman rana guda da likita ya saɓa wa kasuwa, bai samu ba. Amma da tunanin ya kai shi inda zai ce ɗan cikinsa ya yi masa ƙarya, sai ya yi istigfari ya ja da baya. Da yamma ya ce wa Ndatsu yana so ya gaisa da likita, ya yi masa godiya da bakinsa. Ndatsu ya ce likita ya tafi taro Abuja. Bayan kwana uku ya ce ya wuce Umara. Bayan mako guda aka sace masa waya a can.

Ranar wata Laraba, a raka'a ta biyu ta sallar azahar, liman ya yi ruku'u, jama'a suka bi shi, liman ya ɗago, jama'a suka ɗago, Baba Sheshi ya ci gaba da tafiya ƙasa. Ya kife a kan ƙafafun mutanen sahun gaba. Da aka sallame aka yayyafa masa ruwa, aka ɗauke shi kamar damin kara aka sa a keke, Malam Jafaru da mutum biyu suka raka shi wani ɗan ƙaramin asibiti mai zaman kansa da ke bayan layinsu. Aka aika a kira Ndatsu.

Nas ɗin da suka tarar sunanta Mabel, gajeriyar mace mai saurin hannu, wadda ba ta da lokacin doguwar gaisuwa. Tun daga ƙofa Malam Jafaru ya fara yi mata bayani, mai suga ne, mai ƙarfi, kada a kuskura a ba shi wani abu mai zaƙi. Ta soki ɗan yatsan Baba, ta ɗiga jinin a kan 'yar na'urarta, ta duba. Ta girgiza na'urar, ta canja yatsa, ta sake sokawa. Sannan ta buɗe firji ta ɗauko lemon kwalba, ta ƙara masa sukari cokali biyu, ta tallafi kan Baba ta kafa masa a baki.

Malam Jafaru ya yi salati ya ce a gabansu za a yi kisan kai. Mabel ta ce idan ya matsa kusa za ta fitar da shi waje. Baba da kansa ya datse baki da farko, yana kawar da kai, sai da ta ce masa ita ce likita a nan, ya sha. Ya sha, ya sha, har kwalbar ta yi ƙara. Cikin minti goma idanunsa suka dawo wurinsu, ya tashi zaune, ya tambaya ko akwai saura.

Ta tambaye shi abin da ya ci yau, ya ce rama. Jiya fa? Rama da 'yar malmala. Shekaranjiya? Tafasa, da mangwaro huɗu. Ta ajiye biro, ta ce wa mutanen da ke tsaye sugan jinin tsohon nan ƙasa ya yi, ba sama ba, kuma a iya abin da ta gani babu abin da ke damunsa sai yunwa. Daidai nan Ndatsu ya shigo yana haki, tabarau ɗin walda a goshinsa. Mabel ta tambaya ko shi ne ɗan, ya ce shi ne.

"Wane likita ya ce yana da suga? Ba ni sunansa da asibitin da yake aiki."

Malam Jafaru da mutanen masallaci suka juyo suna jiran suna, su ma suna so su san wanda ya yi wannan ɗanyen aiki. Gumi ya gangaro wa Ndatsu daga ƙarƙashin tabarau. Baba ya dubi ɗansa, ya ga yadda wuyan rigarsa shi ma ya yi masa yawa, ya ga mutanen da gobe za su tsaya sahu ɗaya da shi. Ya yi gyaran murya.

"Ya rasu, 'yata. Likitan ya rasu. Yau ɗin nan."

Malam Jafaru ya cire hula ya mayar, ya ce Allahu akbar, ashe a ƙasa mai tsarki kwanansa ya ƙare, wannan kyakkyawan ƙarshe ne, kuskure kuma na ɗan Adam ne. Ya ɗaga hannu ya yi wa mamacin addu'a, kowa ya shafa, har da Ndatsu. Mabel ba ta shafa ba. Ta dubi uban, ta dubi ɗan, ta ce a kai shi gida a ba shi abinci, abinci na gaske, kaɗan-kaɗan tukuna kada cikinsa ya rikice.

Da suka isa gida rana ba ta faɗi ba. Baba ya ce Ndatsu ya biyo shi ɗaki, ya kuma yi maganar da Nufanci don kada yara su ji. Bai ma tambaya ba Ndatsu ya fara zubo hujjoji. Wuta sai ta kwana uku ba a kawo ba, man janareto ya fi ƙarfin aikin, masu kawo ƙofa da taga sun daina gini. Mudun da ke yi musu kwana biyu, tun zuwan Baba ya koma na yini ɗaya. Ga yara huɗu, ga haya. Abincin rumfar Rukayat kuwa, mai aikin ƙarfe idan bai ci ba faɗuwa zai yi a kan wuta, kuma idan ya faɗi gidan duka ya faɗi. Ya ce shi bai yi niyyar abin ya kai haka ba, shinkafar kaɗai ya so ragewa, sauran kasuwa ce ta riƙa tura shi. Ya ce ta yaya ɗa zai dubi ubansa, uban da ya ciyar da shi da matarsa shekara da shekaru, ya ce masa rage ci?

Baba ya bar shi ya gama.

"Ni manomi ne," ya ce. "Na san yunwa tun kafin a haife ka. Akwai daminar da ni da uwarka muka yi wata biyu muna ci sau ɗaya, kai kana ci sau uku, ba ka sani ba. Da ka ce mini babu, da na janye hannuna da kaina, in ji daɗin na yi wa jikokina wani abu. Amma ka bar ni da yunwar, ka ƙara mini tsoron mutuwa, ka sa unguwa gadina, kuma kullum ina yi maka godiya."

Ndatsu ya sunkuyar da kai. Baba ya ce bai gama ba, akwai matarsa. An sa ta tana kallon tsoho yana narkewa da kwanon da ita ke kawowa, ranar da ta ji tausayinsa kuma shi ya zarge ta da neman ransa. Ya ce wannan shi zai je ya ba ta haƙuri da kansa, amma nauyin yana wuyan Ndatsu.

Ya fita tsakar gida ya ce Basira ta kawo babban tire, ta juye duk abin da ke tukunya a kai, kada ta ware wa kowa. Sai a ranar ya ga girman tukunyar gidan da idonsa. Shinkafar ko tsakiyar tiren ba ta rufe ba, mutum bakwai ne kuma za su ci. Ya raba da gefen hannunsa, ya tura wa yara, ya tura wa Basira wadda ya fahimci ƙanzo take ci tun watanni, ya ja nasa, ya bar wa Ndatsu daidai da nasa. Loma shida Baba ya samu. Ya ci su a hankali, ya ce shinkafar tsohuwa ce kuma an cika mata ruwa wajen turarawa, wanda ya sayar musu ya cuce su. Daga ranar haka ake ci a gidan, tire ɗaya, kowa yana ganin hannun kowa. Ba a ƙoshi, amma Baba ya daina dafa bango.

Labarin warkewarsa ya zagaye Kpakungu. Mai ƙosai ta dawo da gyara, mai shayi ya dawo da madara. Bayan kwana goma, an idar da sallar la'asar, wani dattijo mai suna Ndaman, tsohon mai gadi da ke zaune wajen ɗansa a ƙarshen layi, ya ja hannun Baba gefe. Ya ce yana neman shawara, shi ma sati uku ke nan da kamuwa da suga. Baba ya tambaya wa ya duba shi. Ndaman ya ce ai likitan nan ne nasu, marigayi, ɗansa ya samu lambarsa kafin ya tafi Umara, ta waya ya duba shi. Ya ƙara da cewa ba shi kaɗai ba ne, akwai Gwaggo Nma ta gidan mai niƙa, da wani tsoho da aka kawo daga ƙauye bayan 'yan bindiga sun tashe su, duk marigayin ne ya gano musu, Allah ya haskaka kabarinsa.

Baba Sheshi ya daɗe yana kallon wuyan Ndaman, yadda jijiyoyi suka fito masa. Washegari da hantsi ya bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, ya ce wa masu gidan zai kai tsofaffin gaisuwar mara lafiya. Ya cusa su a keke ɗaya, su uku a baya, shi a gefen direba, sai asibitin Mabel.

Ta same su jere a kan benci kamar 'yan makaranta, kowa ya miƙo ɗan yatsa. Ta soke su ɗaya bayan ɗaya. Babu mai suga a cikinsu. Ta buɗe musu lemo, ta ce ita wannan ciwon ba ta da maganinsa a kabad. Baba ya ce ya sani, takarda kawai yake so. Ya roƙe ta ta rubuta wa kowannensu cewa ya ci abinci sau biyu a rana, irin wanda mutanen gidan ke ci, ta sa hannu, ta buga hatimi babba.

"'Ya'yanmu sun daina jin maganar iyaye," in ji Baba, "amma suna jin ta likita."

Mabel ta rubuta, ta buga hatimin da ƙarfi har tebur ya motsa. Baba ya raka Ndaman har gida, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo. Ɗan Ndaman, wanda ke tura baro a tasha, ya karɓi takardar ya karanta sau biyu. Bai musa ba, bai kawo hujja ba. Ya shiga madafi ya ɗauko tukunya, ya buɗe ta a gaban dattawan biyu, ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. Garin rogo ne a ciki, wanda bai kai cikin tafin hannu biyu ba, yara biyar kuma suna hanyar dawowa daga makaranta.

Ndaman ya karɓi takardarsa, ya nemi ƙusa ya kafe ta a bangon ɗakinsa, saitin inda yake kwanciya. Ya ce ko ba komai yanzu ya san lafiyarsa ƙalau, yunwa ce kawai, kuma hankalinsa ya kwanta.